Rakiyar Turmi

Ni ce 'yar fari a ɗakinmu, kuma Mma ba ta taɓa kiran sunana ba. Ko sau ɗaya, wallahi. Iyayenta daga Nijar suka gangaro Kumasi da fataucin albasa, sun bar kusan komai a can, amma kunyar ɗan fari sai da suka ƙullo ta a bakin zane suka kawo Zongo. A al'adar, uwa ba ta ambaton sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi, ba ta nuna a gaban mutane cewa ta san da zamansa. Wasu matan suna yi sama-sama, yaro na fara tafiya su watsar. Mma kuwa ta riƙe abin nan kamar farilla. In tana son in ɗebo ruwa, ƙanwata take kallo ta ce, "Auta, ce wa waccan, randa ta bushe." Ina tsaye a gabanta fa! In na gaishe ta da safe, bango take amsa wa.

Mu biyu ne 'ya'yanta da suka rayu, ni da Auta, shekara huɗu tsakaninmu. Baba kullum yana hanya da motar albasa, sai mu yi wata ba mu gan shi ba. Gidanmu na haya ne, ɗakuna zagaye da tsakar gida, akwai Dagomba, akwai Mosi, akwai wata 'yar Asante mai ɗinki a ɗakin ƙarshe. Duk uwar da ke gidan nan tana ƙwala wa ɗanta kira da suna, ta zage shi da suna, ta rungume shi da suna. Ni kaɗai ce "waccan". Tsofaffin gidan sukan ce mini, "Ai so ne, 'yar nan, kunya ce kawai." Ni kuma a raina in ce, son da ba ya buɗe baki, a kai kasuwa.

Ina aji biyu a ƙaramar sakandare aka kawo mana sabon ticha na Turanci, wani dogon mutumin Asante mai son aikin gida kamar me. Abin da ya fi ba mu shi ne kompirihenshan, wanda yanzu da na zama malama nake ce wa auna fahimta. A ba ki guntun labari, a jera miki tambayoyi a ƙasa. Na farko-farkon ba wuya, ki ɗora yatsa a layi ki kwafo. Ta ƙarshen ce muguwa: me ya sa wane ya yi kaza, me halinsa ya nuna, kawo hujja daga cikin labarin. A nan kullum nake faɗuwa. Wata rana tichan ya ce mana, "Ku je gida ku ba wani labarin da yarenku. In mai sauraro ya fara yi muku tambaya, to kun fara ganewa."

Wa zan ba? Auta na kama. Bayan la'asar nakan shimfiɗa tabarma a gefen rumfar girki, in karanta layi da Turanci in juya mata da Hausa, ita kuma tana hamma tana wasa da 'yar tsanarta. Lokacin nan ne Mma take haɗa kayan sana'arta. Koko da ƙosai take sayarwa da sassafe a bakin titi, hanyar Dichemso, don haka da yamma take tsintar wake, ta jiƙa gero, ta daka citta da kanumfari da barkono. Tana zaune kan kujerarta 'yar tsugunne, taku uku daga tabarmata, ta ba ni baya rabi.

Ranar farko da ta sa baki, labarin wani mutum ne da ɗan'uwansa ya zo masa daga ƙauye. Maigidan ya yi ta sannu da zuwa, ya yi ta cewa gida ya yi haske. Tambayar ƙarshe ta ce, yaya maigidan ya ji da zuwan baƙon? Na riga na ɗora biro zan rubuta cewa ya yi murna, sai na ji Mma ta ce, idonta na kan tiren wake, "Auta, tambayi mai littafin, an ba baƙon ruwa?"

Na bi layukan da yatsa har ƙasa. Babu ruwa. Na ce, "Auta, ce mata ba a ba shi ba."

"To ba a son zuwansa," in ji Mma. "Sannu da zuwa ba ta kashe ƙishirwa."

Na rubuta haka da Turancina mai ɗingishi. Washegari tichan ya zana mini tauraro da jan biro, ya tambaye ni wa ya nuna mini. Na ce ni na gano da kaina. Ƙaryata ta farko ke nan a kan wannan mata, kuma ko gezau ban ji ba.

Daga nan abin ya zama sana'a. Ni in karanta wa Auta, Mma ta tambayi Auta, ni in amsa wa Auta. Ita Autar, baiwar Allah, wani lokaci barci ma take yi a kan cinyata, muna ta aika saƙo ta kanta. Matar da ko baƙi ɗaya na boko ba ta sani ba, amma ba a ɓoye mata komai a labari. Wa ya fara ci, wa ya zauna kusa da ƙofa, wa ya amsa tambayar da ba a yi masa ba, duk tana lura. An taɓa ba mu wata waƙa da mai ita yake yabon ruwan sama a kan kwanon rufi, aka ce mu faɗi irin mutumin da ke magana. Mma ta ja tsaki ta ce, "Auta, wannan ɗakinsa ba ya yoyo, kuma ba ya kasa kaya a bakin titi." Na yi dariya har biro ya faɗi. Na ga kafaɗarta ita ma tana motsi, amma ba ta juyo ba.

Fiye da shekara muna haka. Ban gane ba a lokacin, amma wannan sa'a guda ta bayan la'asar ita ce duk hirar da ke tsakanina da uwata a duniya. A nan na san abin da ke ba ta dariya, a nan na san irin mutanen da ba ta yarda da su ba. Har suna na samu, "mai littafi", wanda ya fi "waccan" nesa ba kusa ba.

Sai aka zo ranar rabon kyaututtuka a makaranta. Na zo ta ɗaya a Turanci. Na faɗa wa Auta tun mako guda kafin ranar, da ƙarfi, sau uku, yadda har mai ɗinki ta ɗakin ƙarshe ta ji. Ranar ta zo, iyaye mata suka cika fili da fararen hankici. Wata ƙawata 'yar unguwar Manhyia, wadda ta zo ta biyar, uwarta ta zazzage mata hoda a ka, ta ɗaga ta sama tana rawa tana kiran sunanta. Ni aka kira ni na karɓi ƙamus, na juyo ina duba layin iyaye ɗaya bayan ɗaya. Ba Mma. Na taho gida a ƙasa ni kaɗai, ƙamus a hammata. Na shiga na ajiye shi a kan tabarma inda dole ta gani. Ta dube shi ta gefen ido ta ce, "Auta, ce mata ta cire kayan makaranta kafin su yi datti." Da aka zuba tuwo na tarar da dafaffen ƙwai biyu a ƙasan nawa. Na tsamo su na jefa a kwanon Auta, a gabanta.

Kwana uku bayan nan tichan ya ba mu labarin da har gobe nake iya karanta shi da ka. Wani saurayi ne ya samu aiki a birni mai nisa, zai bar ƙauyensu da safe. Maƙwabta suka fito, ƙannensa suka ɗaukar masa jaka, kowa yana sa masa albarka. Uwarsa ba ta fito ba. Tana bayan ɗaki tana daka. Ya tsaya a ƙofa ya ce ya tafi, ba ta amsa ba. Marubucin ya ce ƙarar taɓaryarta ta bi shi har ya wuce gidan ƙarshe, ya haye rafi, ya kai bakin titin mota. Tambaya ta ƙarshe: me halin uwar ya nuna game da yadda take ji da ɗanta? Kawo hujja.

Na juya labarin da Hausa, ina jan kowace kalma da gangan don haushi. Da na gama na ɗaga kai. Mma ta daina tsintar wake.

"Auta," ta ce, "tambayi mai littafin, har ina aka ce ƙarar ta kai?"

"Ce mata har bakin titi," na ce.

"Me aka ce tana dakawa?"

"Ce mata ba a faɗa ba."

"Ba za a faɗa ba," in ji Mma a hankali, "don babu komai a ciki. Turmi mai kaya ƙararsa a dushe take, ba ta wuce gida biyu. Wanda ya haye rafi, itace ne ke bugun itace. Rakiya take yi masa."

Duk wanda ya tashi a gidan da ake daka ya san gaskiya ta faɗa. Ni ma na sani. A take na ji amsar ta zauna daram, kamar yadda ta ruwan baƙo ta zauna. Amma hodar nan da ba a zazzaga mini ba tana nan tana ci na. Na sunkuya na rubuta tawa amsar, sannan na miƙe tsaye na karanta ta da Hausa, da muryar da duk gidan zai ji. Na ce uwar ba ta damu da ɗanta ba. Na ce aikinta ya fi mata shi. Na ce hujjata ita ce ya yi mata magana ta ƙi amsawa, kuma uwar da ke son ɗanta fitowa take ta dube shi, ta kira sunansa. Da ma na tsaya a nan. Ina! Sai da na ƙara da cewa, "Auta, ce wa mai koko wannan aikin 'yan makaranta ne. Ba a tambaye mu labarin turmi ba."

Mai koko. Uwata na ce wa haka, a tsakar gidan haya, matan Dagomba suna wanke-wanke suna ji. Na zaci za ta ɗauko muciya, na ma shirya wa duka, don ko dukan ne ai ta taɓa ni. Ba ta taɓa ni ba. Ta tattara waken da ya zube a zaninta ta mayar a tire, ta ɗauki kujerarta, ta zagaya bayan rumfa.

Goma bisa goma tichan ya ba ni. Ya karanta wa aji amsata, ya ce a yi koyi da yadda na kawo hujja. Ban ga laifinsa ba, mutum ne da bai taɓa riƙe taɓarya ba, abin da ke takardar amsoshinsa ya bi. Na dawo gida da gomata, na shimfiɗa tabarma bayan la'asar kamar kullum. Kujerar ba ta nan. Ina jin motsinta a bayan rumfa, inda hayaƙi yake, inda muryata ba ta kaiwa sai na ɗaga. Na ɗaga ɗin kuwa, kwana da kwanaki ina karanta wa Auta labari kamar mai shela, ina barin gurbi a wuraren da na san Mma za ta so ta ce wani abu. Shiru. Auta ta gaji ta ce, "Yaya, ki je ki ba ta haƙuri mana." Na ce haƙurin me, ba ni na ci goma ba? Taurin kai dai a nono na sha shi, ba ni da wanda zan ɗora wa. Daga baya na daina shimfiɗa tabarmar, na koma yin aikina a ɗaki.

Shekaru suka wuce, na samu gurbi a kwalejin horon malamai, can nesa da Kumasi. Ranar tafiyata Baba yana gari, ya ɗauki akwatin da ya sa aka ƙera mini a Anloga, unguwar kafintoci, Auta ta ɗauki bokiti da katifa. Matan gida suka fito suna addu'a, mai ɗinki ta cusa mini ɗankwali sabo. Ƙarfe bakwai na safe ne, lokacin da Mma ta fi ciniki a bakin titi, amma ranar ba ta fita da koko ba. Na tsaya a bakin rumfa na ce, "Mma, na tafi." Ba amsa. Muna fita ƙofar gida na ji an fara daka.

Mma ba ta daka da safe, ba ta taɓa yi ba. Kuma ƙarar ba irin ta citta da barkono ba ce, wadda na saba ji a dushe. Ƙwal, ƙwal, ƙwal, itace a kan itace. Ta bi mu muka wuce masallacin unguwa, muka wuce famfon da ake layin ruwa, har muka fito inda ake shiga trotro, motocin haya, ina jin ta sama-sama cikin hayaniyar motoci. Auta ta dube ni, idonta ya kawo ruwa. Ta ce, "Yaya, kina ji?" Na ce, "Ina jin me? Miƙo bokitin." Minti biyar ne zai mayar da ni gida da gudu. Motar ma ba ta cika ba, mun fi rabin sa'a a zaune. Na zauna a jikin taga na ƙanƙame jakata, ina ce wa kaina in na dawo hutu zan yi mata magana.

Na dawo hutu, na sake dawowa, na gama, na fara koyarwa, na yi aure, na haihu. Ban yi maganar ba. Na saya mata zannuwa, na canza mata kwanon rumfa, na hana ta fita da koko da ƙafafunta suka fara kumbura. Duk abin da hannu zai yi na yi, bakin ne ya ƙi buɗuwa. Kullum sai in ce ai ta manta, tsohon zance ne, tayar da shi zai ba ta kunya. Alhali a aji, duk shekara, ina tsaye gaban yara ina ce musu su lura da abin da marubuci bai faɗa ba, su tambaya ko an ba baƙo ruwa. Da iliminta nake cin abinci, ban taɓa gaya mata ba. 'Yata ta fari kuwa sunanta nake kira sau hamsin a rana, har ta ce na ishe ta.

A ciwonta na ƙarshe ni da Auta muke karɓa-karɓa a gefen gadonta. Wata ranar da hantsi ina ba ta kunu a cokali, Auta tana ninke kaya, sai ta kawar da kai daga cokalin ta dubi bango ta ce, "Auta, tambayi mai littafin. Yaron nan da ya tafi birni, ya dawo kuwa?"

Shekara goma sha tara ba ta ce "mai littafi" ba. Na tsaya da cokalin a hannu. Kun san abin da na ce? Ni malamar auna fahimta, mai jan biro? Na ce, "Auta, ce mata guntun labari ne aka ba mu, ba a kai ƙarshensa ba." Gaskiya ce, haka aka ba mu shi. Mma ta ce, "To." Ta buɗe baki na ci gaba da ba ta kunun. Na ce a raina gobe in ta ɗan ji sauƙi, in Auta ta fita, zan ce mata ya dawo, Mma, ya ji dakan, tun a hanya ya gane. Washegari ba ta iya magana ba, kwana biyu bayan nan ta cika.

Aka yi mata wanka, aka yi mata sutura, maza suka ɗauki makara. Mu mata ba ma bin gawa, iyakarmu ƙofar gida. Na tsaya a tsakar gida ina kallon ƙafafun maza suna fita da uwata, kowa yana ce mini in yi haƙuri, yana kiran sunana. Ban san lokacin da na zagaya bayan rumfa ba. Turminta yana nan a kife, taɓarya a jingine. Na tayar da shi na fara daka, ba komai a ciki.

Gwaggonnina suka rugo. Wata ta ce, "Subhanallahi, ta zautu!" Wata ta ce, "Ke, ba yau ake dakan gumba ba, ajiye!" Suka kama taɓaryar, ni ma na riƙe. Auta ce ta ratso ta tsakaninsu ta ɓamɓare hannuwansu, tana kuka tana cewa, "Ku ƙyale ta. Don Allah ku ƙyale ta, saƙo ne." Suka ja da baya. Na yi ta daka har tafin hannuna ya fashe, har na tabbata sun fita unguwa.

Da maza suka dawo daga maƙabarta, mijin Auta ya tambaya wa ke daka a gidan rasuwa, ya ce sun yi ta jin ƙarar har bakin titi. Auta ta dube ni. Na saba in ce mata ta faɗa wa Mma, har na buɗe baki na ce, "Auta, ce mata..." Sai na ga kujerarta 'yar tsugunne a jingine da bango, ba kowa a kanta.